Kasuwar 'Yan Ƙwallo: Yadda Ɗan Wasa Ya Ƙwato 'Yancin Ƙafarsa

Da zarar an busa usur na ƙarshe a watan Mayu, sai wata kaka ta buɗe wadda ba a fili ake buga ta ba. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, hirar gidajen kallon ƙwallo da majalisun dare ba ta wuce wa zai tafi, wa zai zo, nawa aka taya, nawa aka sallama. Tun ba a taɓa ƙwallo ba, an riga an raba kofuna da fatar baki bisa ga wanda kowace ƙungiya ta saya. A tsakiyar wannan hira akwai ƙorafin da ba ya tsufa: wai 'yan wasan yanzu ba su da amana, kuɗi kawai suka sani, alhali na dā a ƙungiya ɗaya suke furfura. Tarihi bai gaskata wannan magana ba. Yawancin na dā doka ce ta ɗaure su, kuma sauye-sauyen da ake gani kafin kowace kaka sakamako ne na gwagwarmayar kusan shekara ɗari da 'yan wasa suka yi don su mallaki sana'arsu.

A Ingila abin ya samo asali. A 1885 hukumar ƙwallon ƙasar ta halatta biyan ɗan wasa albashi, a 1888 kuma ƙungiyoyi 12 suka kafa gasar lig ta farko. Masu ƙungiyoyi suka tsorata kada masu hannu da shuni su kwashe gwanaye, sai a 1893 suka kafa ƙa'idar riƙewa: duk wanda ƙungiya ta yi wa rajista ba zai buga wa wata ba sai da izininta, ko da kwantiraginsa ya ƙare, ko da ta daina sa shi a wasa. A 1901 aka ƙara da ƙayyade albashi, kada ya wuce fam 4 a mako. A wancan zamani abin da ɗan wasa ke jira a ƙarshen kaka shi ne takardar da za ta nuna masa ko yana cikin waɗanda aka riƙe ko an sa masa farashi. Ba shi da ta cewa a ko ɗaya. Har albashin hutun bazara rage shi ake yi: a ƙarshen shekarun 1950 iyakar abin da zai samu fam 20 ne a mako lokacin wasa, fam 17 lokacin hutu. Duk da haka ciniki tsakanin ƙungiyoyi bai tsaya ba. A 1905 Middlesbrough ta biya Sunderland fam 1,000 a kan Alf Common don ta tsira daga faɗawa rukunin ƙasa, aka yi ta Allah wadai, hukuma ta ƙayyade kuɗin sayen ɗan wasa a fam 350 a 1908, dokar ba ta yi shekara ba aka janye ta. Kuɗi dai suna yawo tun fil'azal, sai dai aljihun mai gudu a fili ne ba sa shiga.

Wanda yake ɗaukar dogon zaman na dā a matsayin tsantsar amana ya dubi Tom Finney. Yana cikin gwanayen da Ingila ke alfahari da su, amma yana buga wa Preston yana kuma sana'ar gyaran famfo. A 1952 Palermo ta Italiya ta yi masa tayin fam 10,000 na sa hannu, da gida da mota. Preston ta ce a'a, magana ta mutu a nan, ya zauna har ya yi ritaya a 1960. Ba a musun cewa yana son garinsu, amma ba a iya auna amanar mutumin da aka kulle wa ƙofa. Ƙofar ta fara buɗewa a Janairun 1961, lokacin da ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki, aka soke ƙayyade albashi, Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako. Sai George Eastham, wanda Newcastle ta hana tafiya bayan kwantiraginsa ya ƙare. Ya ajiye takalma ya koma kudancin ƙasar yana tallan kaya don ya ci abinci, har aka sallame shi ga Arsenal a 1960. Duk da haka bai janye ƙarar da ya kai Newcastle kotu ba, kuma a 1963 Mai Shari'a Wilberforce ya yanke cewa ƙa'idar riƙewa tauye haƙƙin neman abinci ce.

Saura ƙulli ɗaya, kuma wani ɗan Beljiyam da ba shi da suna a duniyar ƙwallo ne ya kwance shi. A 1990 kwantiragin Jean-Marc Bosman da RFC Liège ya ƙare, ya samu gurbi a Dunkerque ta Faransa, cinikin ya rushe a kan kuɗin da ƙungiyarsa ke nema, aka zaftare masa albashi, aka ajiye shi a gefe. Ranar 15 ga Disamban 1995 Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya: wanda kwantiraginsa ya ƙare zai tafi wata ƙasar Tarayyar ba tare da an biya ko kwabo ba, kuma ba za a ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar a ƙungiya ba. Shekara huɗu bayan haka, a Disamban 1999, Chelsea ta fito da 'yan wasa 11 babu ɗan Birtaniya ko ɗaya, cikinsu har da Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna. A 2001 FIFA da hukumar Tarayyar Turai suka daidaita a kan sababbin ƙa'idoji, daga kakar 2002 kuma aka taƙaita ciniki a lokuta biyu, bazara da Janairu. Wannan taƙaitawa ce ta mai da 'yan makonnin kafin kaka kamar kasuwar jajibirin salla, kowa na gaggawa, farashi na hawa yayin da rana ke faɗuwa.

Akwai hujja mai nauyi a hannun masu adawa, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa 'yancin ɗan wasa ya karya ƙananan ƙungiyoyi. Ajax ta ci Kofin Zakarun Turai a 1995 da samarin da ta raina, tare da Nwankwo Kanu da Finidi George. Cikin shekara biyu Edgar Davids da Michael Reiziger da Patrick Kluivert da Winston Bogarde duk sun tafi AC Milan kyauta, Kanu ya koma Inter, Finidi ya tafi Real Betis. Tsakanin 1986 da 1991 Steaua ta Romaniya da Porto da PSV da Red Star ta Belgrade duk sun ɗaga wannan kofi. Tun bayan 1995 kuwa Porto ce kaɗai, a 2004, ta ci shi daga wajen manyan ƙasashen ƙwallo biyar na Turai. Wannan gaskiya ne. Amma ɗora wa Bosman laifin duka rashin adalci ne, domin a 1992 aka kafa gasar Firimiya da kuɗin talabijin masu yawa, a shekarar kuma aka sake fasalin gasar Zakarun Turai ta yadda mai shi ake ƙara wa. Tsohon tsarin ma bai taɓa hana mai kuɗi mulki ba: Arsenal ta Herbert Chapman ta sayi David Jack a kan fiye da fam 10,000 a 1928 har ana kiranta da sunan babban bankin Ingila, Real Madrid kuma ta ci kofin Turai sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960. Idan rabon kuɗin talabijin ne ya karkace, to rabon za a gyara. Ba daidai ba ne a ce talakan ƙungiya ta rayu ta hanyar riƙe wanda ya fi ta talauci.

Hujja ta biyu ita ce kuɗin sun wuce hankali, daga fam miliyan ɗaya na Trevor Francis a 1979 zuwa Yuro miliyan 222 da PSG ta biya a kan Neymar a 2017. Sai dai wannan kuɗi ƙungiya ce ke biyan ƙungiya a kan ɗan wasan da kwantiraginsa bai ƙare ba, wato ragowar tsohon tsari ne. Kuma tsada ba ta taɓa zama tabbacin nasara ba: PSG ba ta ci Kofin Zakarun Turai ba sai a 2025, bayan Neymar da Messi da Mbappé duk sun tafi, Leicester kuwa ta ci Firimiya a 2016 da N'Golo Kanté da Riyad Mahrez da ta samo da araha daga Faransa.

Darasin da ya shafe mu yana cikin ƙa'idojin 2001. Sun hana fitar da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa, abin da ya sa Ahmed Musa, bayan ya zama gwarzon mai cin ƙwallaye da Kano Pillars, ya jira har Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Sun kuma tanadi diyyar horarwa, tare da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin duk cinikin da ya tsallaka ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da suka raini ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 23. Wannan haƙƙi ba ya zuwa sai ga wanda ke da rajista da takarda. Don haka ƙungiyoyinmu da makarantun horar da yara su daina kukan cewa 'yan wasa na gudu. Su yi wa kowane yaro rajista, su rubuta kwantiragi, su biya albashi a kan kari, su bi haƙƙinsu idan an sayar da shi gaba. Magoya baya kuma su yi wa ɗan wasa hukunci da abin da ya yi a fili tsawon kwantiraginsa. Idan ya cika alkawarin da ya sa wa hannu, tafiyarsa haƙƙinsa ce.