Inda Hotunan Yammacin Katsina Suka Shige

Hanyar da ke kai mutum Batsari daga birnin Katsina ta Ƙofar 'Yandaka take fita, kuma ta wannan ƙofa ce Gwamna Lugga ya shigo birnin a 1903, zamanin Sarki Abubakar. Da shi da 'yan rakiyarsa aka fara ganin na'urar ɗaukar hoto sosai a ƙasar Hausa. Kafin nan, tarihin wannan yanki a baki yake. Yaƙe-yaƙen kan iyaka tsakanin mutanen Ruma da Maraɗi, da jarumtar su Ɗanwaire, duk maroƙa da tsofaffi ne suka riƙe su.

Hoton farko na mai mulki ne. Abin da Bature ke so ya gani shi yake ɗauka: ganuwa, dawaki, sarki da fadawansa, kasuwa daga nesa. Talaka in ya fito a ciki ba a rubuta sunansa, sai dai a ce "wani maƙeri" ko "wata mai tallan nono". Yawancin waɗannan hotuna tare da masu su suka tafi. Shi ya sa a 2011, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ingila ta zuba hotunan tsohon ofishin mulkin mallaka a intanet, sai ta roƙi jama'a su taimaka da sunayen mutane da wuraren da ke ciki. Hotunan E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria, yanzu suna Jami'ar Northwestern a Amurka.

A Katsina, wanda ya saba wa jama'a da hoto shi ne Sarki Muhammadu Dikko, da ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. A 1921 ya je hajji ya kuma je Ingila, ya sake komawa a 1924 lokacin baje kolin Wembley. Sarkin da ya yarda ya tsaya gaban kyamara da rawaninsa ya sauƙaƙa wa hakimai da dagatai su tsaya, ko da yake wasu malamai sun ci gaba da ƙyamar abin. Ɗansa Usman Nagogo, gwanin wasan folo, ya ɗora a kai har 1981.

Sai makaranta. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam suka yi karatu. Nan aka koyi hoton layi: malamai zaune a gaba, ɗalibai tsaye a baya, kowa ya gyara hularsa. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta zarce Zariya ta zama Barewa. Ginin ƙasa da ta bari aka ayyana shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959, kuma shi ne yau gidan adana kayan tarihi na Katsina. Shi kuwa Abubakar Imam, jaridar da ya yi wa edita daga 1939, wato Gaskiya Ta Fi Kwabo, ita ta kai fuskokin manya har ƙauyukan da ba su taɓa ganinsu ba.

Amma hoton da ya shiga ɗakunan mutanen Batsari da Safana da Runka ba ta waɗannan hanyoyi ya biyo ba. Larura ce ta kawo shi. Tafiya hajji na buƙatar fasfo, jarrabawa da neman aiki na buƙatar ƙaramin hoto. Sai mai hoto ya bayyana ranar kasuwa da akwatinsa na katako mai ƙafa uku, ya rataya ƙyalle a jikin bango, ya zaunar da kai a benci, ya wanke hoton nan take a cikin akwatin ya miƙo maka da ɗanshinsa. Daga baya aka samu masu yawo da ƙaramar kyamara a wuya, suna bin biki da suna da hawan salla, su tara fim su kai birni a wanke, bayan kwanaki su dawo suna rabawa suna karɓar cikon kuɗi. Nan ne mata suka shiga tarihin hoto, domin ranar biki ce ake yi wa mai hoto izinin shiga cikin gida. Hoton amarya da ƙawayenta gaban jeren kwanuka ya fi rahoton kowane Di'o bayyana yadda gida yake a wancan zamani: irin atamfar da ake yayi, kitson, har arzikin iyayenta.

Wayar salula, da ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, ba ta daɗe ba ta zo da kyamara, ta karya wannan sana'a. Hoto ya yawaita, wankewa ta ragu, kuma waya in ta lalace da abin cikinta take tafiya.

Gidan Makama a Kano yana nuna hotunan cin birnin a 1903, Arewa House a Kaduna, da aka kafa a 1970, yana riƙe da na zamanin Sardauna. Duka biyun tarihin sarauta da siyasa suka fi kula da shi. A wasu ƙasashe an ɗauki hoton talaka da daraja: Bamako ta fara bikin baje hotuna a 1994, inda aikin Seydou Keïta da Malick Sidibé, masu shagon hoto a unguwa, ya ƙara fita duniya, kuma a 2017 Amadou Diaw ya buɗe gidan tarihin hoto zalla a Saint-Louis ta Senegal. Jihar Katsina ba ta da irinsa.

Nata tarin yana cikin adakoki da albam, da firam a bangon zaure, gara da damina na cinsa a hankali. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu, da suka tsananta wajen 2019, sun ƙara gaggauta asarar: wanda ya gudu da dare zuwa garin Batsari ko Katsina, yara yake ɗauka, ba albam ba. Kuma ko hoton ya tsira, tsohuwar da za ta iya nuna kowace fuska ta faɗi sunanta ita ma ba ta da sauran lokaci mai yawa.