Takobi da Sadaki: Tarihin Ɓoyayyar Sha'awa a Fagen Karon Jarumi da Abokin Gabarsa

Masu nazarin adabin Hausa sun saba raba jigogin labaranmu gida-gida: wannan na jaruntaka ne, wancan na soyayya, wani kuma na gargaɗi. Rabon yana da amfani ga ɗalibi ranar jarrabawa, amma yakan rufe mana ido daga wani abu da ya daɗe a cikin labaran kansu. Abin kuwa shi ne, a wurare da dama inda jarumi ya yi gaba da gaba da abokin gabarsa, akwai wata magana ta biyu da ke gudana a ƙarƙashin ƙarar takubba, wato maganar so da sha'awa da neman mallaka. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun wannan magana tun daga adabin baka har zuwa rubutaccen zube, mu kuma ga wanda ake ɗora wa laifinta idan labari ya ƙare.

Harshen kansa ya riga ya ba mu satar amsa. Sunayen garuruwa a Hausa jinsin mace suke ɗauka, shi ya sa muke cewa Kano ta cika, Katsina ta yi nisa. Mayaƙi kuwa cin gari yake yi, kuma duk Bahaushen da ya mallaki hankalinsa ya san sauran wuraren da wannan aikatau yake shiga, waɗanda kunya ba za ta bar mu mu jera su a nan ba. Haka kalmar kamu: ana kamun bayi a fagen daga, ana kamun amarya a gidan biki. Al'ummar da ta hana saurayi faɗin abin da ke ransa a gaban manya, dole ta sama wa maganar wata ƙofa, kuma labarin faɗa yana daga cikin ƙofofin da ta samu.

Bari mu fara da tarihihin da kowane ɗan firamare ya sani. Bayajida ya iso Daura da dare, bayan maƙeran Gaya sun ƙera masa makami. Ya nemi ruwa a gidan wata tsohuwa, aka ce masa macijiyar rijiyar Kusugu ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya je, ya sare kanta, ya ɓoye shi. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, shi kuwa baƙon ya ce aurenta yake so. Abin lura a nan shi ne, macijiyar mace ce, amma sunanta Sarki. Daurama ma mace ce mai riƙe da sarauta, kuma masu ba da labarin sun ce al'adar sarautar ba ta yarda sarauniya ta kusanci namiji ba. Ke nan a garin akwai mata biyu masu iko, kowacce ta tsare abin da ba a taɓawa, ɗaya rijiya, ɗaya kanta. Baƙo ya kashe ta farko da dare, ya auri ta biyu da rana, kuma daga nan mulkin mata ya ƙare a Daura. A ganinmu, takobin da ya sare macijiya shi ne sadakin Daurama, kuma labarin bai ɓoye cewa auren ci gaban yaƙin ne ba. Dubi sunayen 'ya'yan: ƙwarƙwara Bagwariya ta haifi ɗa aka kira shi Karɓagari, ita kuma Daurama ta haifi nata ta sa masa Bawo, wato a dawo da abin da aka karɓa. Gidan da ake raɗa wa jarirai irin waɗannan sunaye, ba a ajiye makamai a cikinsa ba.

Tatsuniya ta fi tarihihi ƙarfin hali, domin da dare ake yin ta, kuma a bakin mata take. Akwai ta budurwar da ta raina duk samarin garinsu, ta ce sai wanda ba shi da tabo ko ɗaya a jiki, sai Dodo ya rikiɗe ya zo mata a siffar kyakkyawan saurayi. Akwai kuma takwararta, wadda ta fi dacewa da batunmu: ɗan maharbi ya addabi namun daji, sai ɓauna (a wasu ruwayoyin wata dabba ce daban) ta zama budurwa ta shigo gari ta aure shi. A shimfiɗa take tambayarsa asirin da yake tsira da shi idan dabba ta taso masa. Ya ce yakan zama kututture, ta ce sai me, ya ce yakan zama suri, ta ce sai me. Yana gab da faɗin na ƙarshe mahaifinsa ya daka masa tsawa daga waje. Da suka shiga daji ta koma kamanninta, duk abin da ya zama sai ta bi shi da ƙaho, har sai da ya kai ga wanda bai ƙarasa faɗa ba. A nan an yi karon sau biyu, na farko a ɗaki, na biyu a dawa, kuma na ɗakin ne ya fi haɗari. Irin waɗannan labarai sun shiga takarda tun farkon mulkin mallaka, lokacin da Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa daga 1911, R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne kuma suka fitar da nasu tarin a 1913.

Ta hanyar malaman zaure kuma hikayoyin Larabawa suka iso mana, har aka buga fassarar Dare Dubu da Ɗaya da Hausa a 1924. A asalin littafin na Larabci, cikin doguwar hikayar Sarki Umarun Nu'umanu, an fito da abin fili. Ɗansa Sharkanu, sadaukin da ya fita yaƙi a ƙasar Rumawa, ya ci karo da gimbiya Abriza cikin dare tana kokawa da kuyanginta. Suka kama kokawa har sau uku, duk tana kayar da shi, domin da zarar jikinsa ya taɓa nata sai gaɓoɓinsa su mutu. Amma mu lura da ƙarshenta. Bayan ta bar mutanenta ta bi shi Bagadaza, mahaifinsa ya sa mata banju ya keta mutuncinta, wani bawa kuma ya kashe ta a hanyar gudu. Wadda ta yi nasara a kokawa ita ce ta biya kuɗin labarin.

Da aka zo gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, marubutan farko sun ƙara jan mayafi. Littattafan makaranta ake nema, marubutan kuma malamai ne. Duk da haka, a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, yaƙin da ya fitar da sarki daga gari har aku ya samu fagen zuba labarai, tayin aure ne daga Sarkin Sinari da aka mayar da shi da wulaƙanci ya haddasa shi. Jiki Magayi na John Tafida da East ya kawo wani salo daban. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar masoyiyarsa Zainab, sai Abubakar ya bar gida, ya ƙarar da dukiyarsa da ƙuruciyarsa a neman sihirin da zai lalata ɗan da za a haifa. Wanda ya karanta a tsanake zai ga cewa tun daga tsakiyar littafin Zainab ta kusa fita daga zuciyar Abubakar, Malam Shehu ya maye gurbinta: da shi yake kwana, da shi yake tashi. Ba mu ce sha'awa ce irin ta jiki ba. Ƙulafuci ne, amma duk alamomin ciwon so suna tare da shi, har da rama da rashin barci da barin gari.

To, amma inda batun ya fi shafar mu shi ne inda jarumar mace ce. Mu da muke wannan yanki, daga Lafiya zuwa garuruwan gishiri irin su Awe da Keana da Azara, muna zaune ne a ƙasar da ta taɓa kasancewa cikin inuwar Kwararrafa, kuma Kwararrafa na daga cikin wuraren da aka ce yaƙin Amina ta Zazzau ya kai. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda (1421–1438). Ya ce ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana wannan aiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo ta a Infaƙul Maisuri, ya ce Katsina da Kano sun ba ta gandu, ta kuma rasu a Atagara. Wasu masana suna mayar da ita ƙarni na 16, a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tsofaffin littattafai biyu da ya yi maganar shimfiɗarta.

Amma tambayi duk wanda ka ga dama abin da ya sani game da Amina, bayan ganuwa zai ce maka: duk garin da ta ci takan zaɓi namiji ɗaya daga cikinsu ta kwana da shi, da asuba ta sa a kashe shi. Wannan daga bakin jama'a ya fito, littattafan ƙarni na 20 suka ɗauka, malaman makaranta suka yaɗa. Idan muka ɗora shi a kan labarin Kusugu sai mu ga zubi ɗaya ne aka kifar. Bayajida ya yi kisa da dare ya yi aure da safe, aka kira shi uban Hausa Bakwai. Amina ta yi auren dare ta yi kisa da safe, aka mayar da ita ɓaunar tatsuniya, matar da kwana da ita ajali ne. Sarakuna maza nawa ne suka cika gidajensu da ƙwaraƙwaran garuruwan da suka ci, ba wanda ya ƙirƙira musu labarin ban tsoro a kai? Muna ganin masu ba da labari sun kasa haɗiye mace mai cin gari, sai suka bi kalmar zuwa ɗaya ma'anar tata, sannan suka ƙara mata jini don ta zama abin ƙyama. Malamin da ya karantar da wannan a aji kamar tabbataccen tarihi, alhali rabin ajin 'yan mata ne, ya kamata ya san darasin da yake bayarwa.

Ƙwararrun marubuta ma ba su tsira daga wannan jan ba. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, kusa da Dogondutsi, inda Sarauniya Mangu da Aznanta suka yi turjiya. Bayanan Faransawan sun ambace ta a taƙaice, a matsayin tsohuwar matsafiya. Da Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa Sarraounia da Faransanci a 1980, sai ya mayar da ita matashiya kyakkyawa mai riƙon baka, wadda sunanta ya cika zukatan rundunar tun kafin su gan ta, kuma a wannan siffa Med Hondo ya fito da ita a fim a 1986. Niyyar Mamani ɗaukaka ta ce, kuma ya yi nasara, domin Nijar ta samu gwarzuwar da take alfahari da ita. Sai dai kafin ta cancanci tsayawa gaban Voulet a takarda, sai da aka sauke mata shekaru, aka gyara mata fuska.