Ƙaramin ofishin lauya a zamanin intanet: Kwamfuta, tsare sirri da iyakar talla

Ofisoshin lauyoyi da yawa a Kano da Kaduna da Jos ba su wuce ɗaki biyu a saman bene ba: lauya ɗaya ko biyu, sakatare, kwamfuta guda da na'urar buga takardu. Amma abin da ke ratsa wannan ɗan wuri ba ƙarami ba ne. Takardun mallakar fili, yarjejeniyar hayar shago, rabon gado, rikicin bashi tsakanin 'yan kasuwa, ƙorafin ma'aikacin da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba, duk nan suke sauka. A da, kabad mai makulli ya wadatar wajen adana su. Yanzu kuwa kowace takarda tana da kwafi a kwamfuta, wani a akwatin imel, wani kuma a wayar lauyan, domin ta WhatsApp aka turo ta tun farko.

Riƙe sirrin wanda ake wakilta wajibi ne a kan lauya, ba alfarma ba. Ƙa'ida ta 19 a kundin ƙa'idojin aikin lauya ta hana shi bayyana abin da aka faɗa masa cikin amana, sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya kare irin wannan magana ko a gaban kotu. Wajibcin ba ya ƙarewa don shari'a ta ƙare. A 2023 aka ƙara wani nauyin, lokacin da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta tanadi cewa idan bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, wanda ke riƙe da su ya sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 da sanin hakan. Ofishin da ke ajiye lambar NIN da BVN da hotunan katin shaidar jama'a yana cikin waɗanda ake nufi, komai ƙanƙantarsa.

Girman ofishi ma ba ya hana ɓarna. A 2016 takardu kimanin miliyan 11.5 suka fita daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca da ke ƙasar Panama, suka tona asirin dukiyar manyan mutane a ƙasashe da dama, har da Najeriya. Kamfanin ya rufe a 2018.

Kwamfutar ofis

Matsala ta farko ita ce tsohuwar manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba bayarwa daga ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali a kanta kwamfutoci da yawa na hannu da ake saya a kasuwa suke tafiya. Duk ɓarakar da aka gano bayan wannan rana tana iya zama a buɗe. Haka manhajar sata da mai gyara kan ɗora a farashi mai rahusa: sau da yawa ba ta karɓar sabuntawa, wani lokaci kuma da ƙwayar cutar a cikinta take zuwa.

Sai batun ajiya. Masana sun daɗe da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kowane fayil mai muhimmanci ya kasance yana da kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wajen ofis. A aikace, ga na kwamfuta, ga na faifan ajiya da ake cirewa a kulle, ga na ma'ajiyar intanet irin Google Drive ko OneDrive. Dalilin cire faifan shi ne akwai manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, kuma tana kama duk abin da ta tarar a jone. Gobara da ɓarayi da wutar lantarkin da ke dawowa da ƙarfi ta ƙone na'ura su ma suna cikin lissafi. Ajiyar da ba a taɓa gwada buɗe ta ba, ba a san ko tana aiki ba, don haka yana da kyau a riƙa dubawa lokaci zuwa lokaci.

Akwai wata ɗabi'a da aka raina amma tana zubar da sirri fiye da kutse: tura yaro da filashi zuwa shagon buga takardu idan tawada ta ƙare ko babu wuta. Mai shagon yakan kwafe fayil ɗin a kwamfutarsa kafin ya buga, kuma nan zai zauna, duk mai zuwa bayan nan yana iya buɗewa. Wasiyyar mutum ko takardar ƙarar saki ba ta dace da irin wannan wuri ba.

Kyakkyawan tsari yana da amfani har a kotu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da kwamfuta ta fitar, ciki har da bayanin na'urar da tabbacin cewa tana aiki daidai a lokacin. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ce takardun da aka bugo daga shafukan intanet ba su karɓu ba saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ɗan kasuwar da hujjarsa kaɗai ita ce hirar WhatsApp ko saƙon shigar kuɗi, kada ya goge asalin saƙon, kada kuma ya sayar da wayar kafin ya ga lauyansa.

Inda 'yan damfara suka fi bi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi yawa a ƙaramin ofis ita ce akwatin imel. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Saƙo zai zo kamar daga banki ko daga kotu, da mahaɗin da za a latsa. Shafin da zai buɗe ya yi kama da na gaske, sakatare ya shigar da kalmar sirri, shi ke nan ɗan damfara ya samu shiga. Ba ya gaggawa. Yakan yi makonni yana karanta wasiƙu, ya san wane gida ake ciniki, nawa ne, yaushe za a biya. Ana gab da biya sai mai saye ya samu saƙo da sunan lauyan, da salon rubutunsa, cewa an sauya asusu, a tura kuɗin zuwa wannan sabuwar lamba. Wani lokaci ma ba a shiga akwatin ba, adireshi kawai aka ƙirƙira mai bambancin harafi ɗaya.

Maganin ba ya bukatar wata na'ura. Tun ranar farko lauya ya ba wanda yake wakilta lambar asusu a rubuce, hannu da hannu, ya kuma shaida masa cewa ba za a taɓa sauya ta ta saƙo ba. Duk saƙon da ya zo da sabuwar lamba, a kira lauyan ta layin da aka saba, ba wanda ke cikin saƙon ba. Doka ta riga ta wajabta wa lauya ware asusun kuɗin waɗanda yake wakilta daban da nasa, saboda haka neman a tura miliyoyi zuwa asusun wani baƙon suna ya isa ya sa mutum ya dakata.

WhatsApp ma ana ƙwace shi, ta hanya mai sauƙi ƙwarai. Wani zai kira ya ce ana shirya taron ƙungiya ta intanet, an turo lambobi shida, a karanto masa. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin rajistar layin a wata wayar. Da zarar an faɗa, sai saƙonnin neman rance su fara zuwa wa duk wanda ke hulɗa da lauyan. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel yana toshe mafi yawan wannan, kuma bai fi aikin minti biyar ba. Kowane asusu ya samu kalmar sirrinsa daban, mai tsawo, a kuma sauya su ranar da wani ma'aikaci ya bar aiki. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, musamman idan an rabu lafiya.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun zo da nasu tarkon. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi Dala 5,000 bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira, waɗanda babu su a kowane kundi. Duk hukuncin da irin wannan manhaja ta ambata sai an nemo shi a rahoton shari'a na gaske. Zuba sunaye da bayanan wanda ake wakilta a cikinta kuwa miƙa sirri ne ga kamfanin da ba ya cikin amanar.

Talla da iyakarsa

Nan ne lauya ya bambanta da mai sayar da atamfa. Ƙa'ida ta 39 a kundin 2007, wadda sabon kundin 2023 bai sauya asalinta ba, ta yarda da tallan da ya dace, amma ta hana wanda zai yaudari jama'a, da kwatanta kai da wasu lauyoyi ko kushe su, da faɗin ingancin aiki ko yawan nasarori, da maimaitawa har ta zama takura. Ta kuma hana neman aiki ta hanyar raba takardu ko amfani da 'yan kamasho, irin waɗanda ake gani a harabar kotuna da ofisoshin 'yan sanda. Shawarwarin talla da ake karantawa a shafukan Amurka, inda lauya ke sa fuskarsa a babban allo yana faɗin diyyar da ya karɓo, suna iya kai lauyan Najeriya gaban kwamitin ladabtarwa.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Shafin intanet mai ɗauke da suna da adireshi da fannin aiki da lokutan buɗewa, da sa ofishin a taswirar Google don baƙo ya gane hanya, sun isa ga yawancin masu nema. Ƙa'idojin sun kuma yarda lauya ya yi rubutu ko ya shiga shirin rediyo da talabijin don wayar da kai game da doka. A Arewa wannan ƙofa ce mai faɗi, domin bayanin doka da Hausa ya yi ƙaranci: me mai haya zai yi idan aka ba shi notis, waɗanne takardu ake dubawa kafin sayen fili, yaya ake rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Wanda ya saba yin irin wannan bayani a Facebook cikin natsuwa, mutane sukan riƙe sunansa ba tare da ya yabi kansa ba. Abin gudu shi ne ɗora hoton takardar hukunci da sunayen mutane a jiki, ko amsa matsalar wani dalla-dalla a bainar jama'a.

Intanet ta kuma sauƙaƙa wa lauyoyin bogi aiki, tunda kowa na iya buɗe shafi ya sa hotonsa da baƙar riga da farin gashi. Mai neman lauya yana iya tambayar lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli, ya kuma duba hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, a kan takardar da aka shirya masa. Hatimin yana ɗauke da sunan lauyan da lambarsa, kuma duk shekara ake sabunta shi. Idan shakka ta rage, reshen ƙungiyar da ke garin zai iya tabbatar da ko mutumin ɗan ƙungiyar ne.