Yadda Wata Jami'a Ta Tsare Ɗalibanta Daga Annobar 1918

Yau labarin wata babbar mura za mu ba ku, wadda ta game duniya a 1918, ta kashe mutum wajen miliyan 50. Mu ma ba ta bar mu ba. Jirgin ruwa ya kawo ta Ikko a watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa ta shigo Arewa. A lokacin nan babu allurar rigakafinta, ƙwayar cutar ma ba a gano ta a jikin mutum ba sai 1933.

To, ku dubi abin da ya faru a Amurka. Ran 28 ga Satumba 1918 manyan birnin Filadelfiya suka yarda aka yi wani babban taro a titi, mutum wajen 200,000 suka cuɗanya. Kafin mako ya zagayo asibitoci sun cika. Cikin 'yan makonni mutum fiye da 12,000 suka rasu.

Ba nisa da birnin nan akwai wata jami'a, ana ce da ita Princeton. Samari ne cike da ita, suna kwana ɗaki ɗaya, suna ci wuri ɗaya, irin inda mura ke jin daɗin yaɗuwa. Amma shugabanninta ba su jira ciwo ya ci ƙarfinsu ba. Suka hana ɗalibai fita gari sai da izini. Wanda ya dawo daga tafiya, likita ya duba shi. Wanda ya soma tari ko zazzaɓi, nan da nan a ware shi, a kwantar da shi, a yi jinyarsa. Da yawa sun kwanta, amma ko ɗalibi ɗaya bai mutu a makarantar ba.

Kun gani, ba wani magani suka fi mutanen birni da shi ba, shiri ne kurum. Shi ya sa yanzu jami'o'i da yawa sukan rubuta tsarinsu tun ana lafiya.

Ku ma haka. Malamin makaranta da maigida, ku san ɗakin da za ku ware majinyaci, da wanda zai kula da shi. Mai tari ya rufe bakinsa, kowa ya wanke hannu da sabulu. In numfashi ya yi wuya, a kawo shi asibiti maza. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu lafiya, amin.