Yadda ƙwayar bitamin ta ba masana kunya a kan ciwon daji

Jama'a, kwana biyun nan tallar ƙwayoyin "antioksidan" ta cika Facebook da WhatsApp, wai suna hana kansa, wasu ma sun ce suna warkar da ita. Bari in ba ku tarihin maganar, don ba yau aka fara ba.

A 1956 wani masani ɗan Amurka, Denham Harman, ya yi bayanin cewa yayin da jiki ke ƙona abinci da iskar oksijin, akan samu wasu ɓurɓushin sinadarai da ke cin ƙwayoyin halittarmu kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Daga baya aka tabbatar cewa idan ɓarnar ta taɓa sinadarin gado, tana iya haifar da kansa. Sai mutane suka ce to ai shi ke nan, a sha abin da ke kashe tsatsar, wato antioksidan. Linus Pauling, mai lambar Nobel har biyu, ya ƙara wa wutar fetur da kiran a riƙa shan bitamin C da yawa.

Sai aka zo gwaji. A Finland an bi maza masu shan sigari sama da 29,000, aka ba wasu ƙwayar beta-karotin, sinadarin nan da ke cikin karas. Da sakamako ya fito a 1994, kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. A 1996 aka dakatar da irin wannan gwaji a Amurka tun bai ƙare ba, don can ƙaruwar ta kai kashi 28. Masana suka yi cirko-cirko.

An daɗe kafin a fara gano dalili. A 2015 ayarin Sean Morrison a Texas suka nuna cewa ƙwayar kansar fata da ta ɓalle ta shiga jini tana shan baƙar wuya, yawancinsu mutuwa suke yi a hanya, kuma tsatsar nan na cikin abin da ke kashe su. Da aka ba ɓeraye antioksidan, sai cutar ta ƙara bazuwa. A 2019 ayarin Martin Bergö a Sweden suka gano yadda saƙon ke tafiya a kansar huhu: antioksidan na hana wani furotin mai suna BACH1 lalacewa, shi kuma sai ya umarci ƙwayar ta ƙara zuƙar sukari ta samu ƙarfin tafiya. Ka ga tsatsar da muke tsoro ita ke tare wa kansa hanya, mu kuma mun aika mata ɗan rakiya.

A lura fa, waɗannan na ƙarshe a ɓeraye aka yi su. Kuma ba a ce a daina cin zogale da karas da lemo ba, a ci sosai. Magana ake kan ƙwayoyi masu ƙarfi da ake ɗirka wa ciki babu likita.

Don Allah, duk mai majinyacin kansa a gida, kada ka sai masa ƙwayar da likitansa bai san da ita ba, balle ka ajiye maganin asibiti dominta. Gashin da ake yi wa kansa a asibiti ma da irin wannan tsatsar yake aiki. Kuɗin nan da za ka ba ɗan talla, ka kai shi asibiti da su tun da wuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.