Yumɓu a Ƙasar Kazaure: Daga Bakin Kududdufi Zuwa Ɗakin Karatu

Tun kafin Ɗantunku ya kafa sarautar Kazaure a farkon ƙarni na 19, mutanen wannan nahiya, daga Roni da Gwiwa har Babura, sun san sirrin yumɓu, domin da shi maginan tukwane suke fitar da randa, da tulu, da kasko, da tandar waina, bayan sun jiƙa shi sun cuɗa shi da ƙaiƙayi, sun bar shi ya sha iska a inuwa, kana sun gasa shi da kara da kashin shanu har ya yi ja.

Yara kuwa, alhali ba malamin da ya umurce su, sun daɗe suna gina shanu masu tozo da dawaki a bakin kududdufi, suna kafa musu ƙafafu da tsinke. Sa'ad da Kenneth Murray ya zo Nijeriya a 1927 don koyar da fasaha a makarantun gwamnati, wannan wasa ya fara samun gurbi cikin manhaja. Amma a Arewa al'amarin ya gamu da hukuncin fuƙaha'u, waɗanda a mazhabar Malikiyya suka haramta cikakkiyar surar abu mai rai idan tana da inuwa, illa 'yar tsanar 'yan mata. Saboda haka malami mai hikima yakan karkatar da ɗalibai ga asusu, da kaskon turare, da siffar soro mai zanko. A ganina hakan bai tauye gwaninta ba, tunda Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da tukunya ta yi suna.