Kiɗan Beja a Birnin Mahadi: Faifan da Ya Zama Shaidar Tarihi

Gabatarwa

A watan Yuni na shekarar 2022, wani ƙaramin kamfanin faifai mai suna Ostinato Records da ke birnin New York na Amurka ya fitar da kundin kiɗa mai taken Beja Power! Masu kundin wata ƙungiyar makaɗa ce mai zaman kanta da ake kira Dorpa, wadda wani makaɗi ɗan Port Sudan mai suna Noori yake jagoranta. Kiɗa shida ne kawai a ciki, kuma galibinsu amon kayan kiɗa ne ba tare da baiti ba. A Omdurman aka ɗauki sautin, wato birnin da ke tsallaken Kogin Nilu daura da Khartum. Wannan darasi zai duba dalilin da ya sa ɗan ƙaramin faifan ya cancanci a ɗauke shi a matsayin shaidar tarihi, da abin da ɗalibin Hausa zai amfana da shi.

Su wane ne Beja?

Beja al'umma ce da ke zaune tsakanin Kogin Nilu da Bahar Maliya, daga kudancin Masar zuwa gabashin Sudan har cikin Eritiriya. Makiyayan raƙuma da awaki ne tun tale-tale, kuma daga cikin manyan rassansu akwai Hadandawa da Bishariyin da Amarar. Masana sun sanya harshensu, Bidawiyet, a reshen harsunan Kush na babban iyalin Afro-Asiya. A cikin wannan iyali Hausa take, a reshen Cadi. Ke nan harsunan biyu dangi ne na nesa, ko da yake mai jin ɗaya ba ya jin ɗayan.

Bayan dangantakar harshe akwai ta hanya. Alhazan ƙasar Hausa da suka tafi Makka a ƙasa, kafin zuwan jirgin sama, ta ƙasar Beja da yawansu suka ratsa zuwa tashar jirgin ruwa ta Sawakin. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu kuma sun dawo sun zauna, shi ya sa har yau ake samun Hausawa a Kassala da Gadarif da Port Sudan.

Tarihin da wasu suka rubuta musu

Sunan Beja ya yi fice a littattafan Turawa ne ta ƙofar yaƙi. Bayan da Muhammad Ahmad ya ayyana kansa Mahadi a 1881, Usman Digna ne ya zama amirinsa a gabas, Hadandawa kuma suka zama ƙashin bayan rundunarsa. A yaƙin Tamai, cikin watan Maris na 1884, sun fasa jerin gwanon sojan Ingila, abin da ba safai ake gani ba a wancan zamani. Marubucin Ingila Rudyard Kipling ya tsara musu waƙa yana yaba jaruntakarsu, amma da sunan zolaya da sojojin suka laƙaba musu saboda sumarsu ya kira su.

Khartum ta faɗa hannun Ansar ranar 26 ga Janairu, 1885. Mahadi ya rasu a Omdurman cikin watan Yuni na wannan shekara, magajinsa Halifa Abdullahi kuma ya mayar da garin fadar mulki. Daular ta rushe bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba, 1898. An kama Usman Digna a 1900, ya rasu a tsare a Wadi Halfa a 1926.

Bayan nan Turawa suka gina Port Sudan a bakin tekun Beja, suka buɗe ta a 1909, Sawakin ta koma kufai. Dukiyar ƙasa ta riƙa fita ta wannan tasha, masu ƙasar kuwa suka zama 'yan dako a cikinta. Samun 'yancin kai a 1956 bai sauya wannan ba. A 1958 aka kafa ƙungiyar siyasa ta Beja Congress don neman hakkin gabas, kuma a ƙarshen Janairun 2005 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Port Sudan, aka kashe kimanin mutum 20.

Omdurman da muryar ƙasa

Idan Khartum ce mazaunin gwamnati, to Omdurman ce bakin Sudan. A can ne salon waƙar da ake kira Haƙiba ya bunƙasa daga shekarun 1920, a can kuma aka buɗe gidan rediyon ƙasa a 1940. Abin da rediyon ya watsa shi ne duniya ta sani da sunan kiɗan Sudan, wato waƙar Larabci ta mutanen tsakiyar kwarin Nilu. Kiɗan sauran yankuna sai a gefe, a shirye-shiryen gargajiya.

Shiga wannan gida ba abu ne mai sauƙi ba. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha al-Falatiya, haifaffiyar Kassala ce, kuma iyayenta daga ƙasar Hausa suka fito. Ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Omdurman, a 1942, ta sha suka saboda kasancewarta mace, duk da haka ta yi suna, har tana waƙa da Hausa. Labarinta yana nuna cewa ƙofar takan buɗu, amma ga wanda ya fara da harshen masu gida. Daga 1989, zamanin Umar al-Bashir, ƙofar ta ƙara ƙuntata, domin gwamnati ta dage kan siffar ƙasa guda ta Larabci, mawaƙa da dama kuma suka yi ƙaura.

Noori da kayan kiɗansa

A farkon shekarun 1990, Noori yana saurayi ya tsinci wuyan wata tsohuwar jita a wurin tarkacen ƙarafa a Port Sudan. Mahaifinsa, wanda shi ma makaɗi ne, ya ba shi tambur, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kaɗawa da yatsu, mai aiki irin na garaya ko molo duk da siffarsu ta bambanta. Noori ya haɗa biyun ya sa musu lantarki. Da wannan kayan kiɗa ya riƙa raya tsofaffin karin Beja da aka gada baki da baki, tare da abokan aikinsa masu busa saksofon da kaɗa jita da ganguna, waɗanda suka fito daga sassa daban-daban na Sudan.

An ɗauki faifan ne bayan juyin mulkin da Janar Abdul Fattah al-Burhan ya yi ranar 25 ga Oktoba, 2021, lokacin da tituna ke cike da masu zanga-zanga. Ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen sunansa Jabana, sunan gahawar da ake dafawa a ɗan tulun ƙasa, wadda a kanta mutanen gabas suke karɓar baƙo da yin hira. Ba wani sarki ko yaƙi aka ambata ba. Abin da aka adana shi ne yadda mutane suke zama, da irin amon da kunnensu ya saba da shi. Jikokin mayaƙan da suka taimaka aka kafa daular Omdurman sun dawo birnin, suka naɗi nasu labarin da hannunsu.

Abin da ya biyo baya

Wata goma bayan fitar faifan, ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Harabar rediyo da talabijin ta Omdurman, inda aka tara muryoyin mawaƙan ƙasar na shekaru da dama, ta kasance a hannun RSF har zuwa Maris na 2024. An wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum. Gwamnati kuma ta tattara ta koma Port Sudan, ƙasar da ta daɗe tana yi wa riƙon sakainar kashi. Faifan Dorpa ya tsira ne domin ya riga ya bazu a hannun jama'a da kan intanet, ba a ɗaki guda aka kulle shi ba.

Kammalawa

Ɗalibin Hausa ya san cewa ba a takarda kaɗai tarihi yake ba. Wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo zai ji sunayen sarakuna da garuruwa da zuriya waɗanda ba kowane littafi ya kawo su ba. Faifan Noori ya ƙara mana abu biyu. Na farko, ko babu kalma, kari da kayan kiɗa suna ɗauke da tarihi, saboda haka mai nazari ya tambayi inda aka samo su da wanda ya koyar da su. Na biyu, abin da aka bari a ma'ajiya ɗaya, rana ɗaya ta isa ta shafe shi. Kaset-kaset na makaɗan noma da na farauta da na mata da ke jibge a gidajen rediyonmu da akwatunan iyayenmu suna jiran wanda zai kwafe su, ya rubuta sunan mai kiɗan da garinsa da shekarar da aka ɗauka. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma wannan aiki ne da ɗalibi zai iya farawa daga gidansu.